Madarar Kwakwa: A Tukunya Take Da Amfani, Ba A Bakin Jariri Ba



Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, madara ta zama baƙuwa a gidaje da yawa. Ba mamaki, domin yawancin madarar garin da muke sha daga waje ake shigo da ita, da dala. Gidan da a da ake ajiye gwangwani, yanzu ƙullin leda ake saye, shi ma sai an yi ta jan sa. To, idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za mu mayar da madarar kwakwa kayan girkin yau da kullum, amma mu san inda iyakarta take.

Mu da ke wannan ƙetaren kogin ba baƙin kwakwa ba ne. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, mutane daga ko'ina a ƙasar nan suka taru a gidajen haya, murhu kusa da murhu. Masaƙun sun rufe, amma abin da maƙwabta suka koya wa juna a tsakar gida bai rufe ba. Shinkafar kwakwa ta mutanen kudu ta shiga tukunyarmu, kunun aya mai dabino da kwakwa ya shiga tasu. Matsalar ita ce mun ɗauki shinkafar kwakwa abincin Kirsimeti da Sallah da biki, kwakwa kuma abin taunawa da gasasshiyar masara ko garin kwaki. A nan muka tsaya.

Haɗa madarar ba wani aiki ba ne. A samu ƙosasshiyar kwakwa mai nauyi, wadda idan an girgiza ake jin ruwa a ciki. A fasa, a ɓanɓare, a wanke, a goge ta da abin goga kuɓewa ko a markaɗa. A zuba ruwan ɗumi kamar kofi biyu, a murza sosai, a tace da tsaftataccen ƙyallen tatar koko. Tatar farko ita ce mai kauri. A sake zuba ruwa a tata, a samu ta biyu mai ruwa-ruwa. Kowacce da aikinta.

Ta biyun ita ce ta dafuwa. Da ita za a ɗora shinkafa a maimakon ruwa zalla, a sa albasa, attarugu, busasshen kifi ko kirifish, sai a ga an rage man da ake zubawa, domin kwakwa da manta take tafe. Haka faten doya, faten dankali da wake. Ta farkon kuwa sai an kusa saukewa ake zuba ta, a kan wuta kaɗan, don idan ta tafasa da ƙarfi tsinkewa take yi, mai ya taso sama. A gwada ta a romon kifi, a kunun gyaɗa, a koko, ko a kunun accan da 'yan uwanmu na kudancin jihar nan suka ƙware a kai. Shayin citta, irin cittarmu ta Kachia da Kwoi, idan aka zuba masa cokali uku na tatar farko da ɗan zuma, ba za a nemi madarar kanti ba. Ita ma dusar ba ta zubarwa ba ce: a soya ta da sukari yara su samu kwakumeti, ko a zuba a kwaɓin cincin.

Wani zai ce, ai kwakwar ma ta yi tsada. Gaskiya ne. Ba a noma ta a nan, daga bakin teku irin su Badagry take hawo mota, kuɗin mota kuwa kowa ya san halin da yake ciki. Amma a yi lissafi: ƙwallo ɗaya ya ba da ruwan sha, madara sau biyu, dusa, ga ƙoƙon ya shiga murhu. Abin da ba mu goyi baya ba shi ne a bar kwakwa a tire a Kasuwar Monday ko ta Sabo, a shiga babban kanti a sayo ta gwangwani da aka ɗauko daga Tailan. Wanda ya gudu daga madarar dala ya faɗa kwakwar dala, ina ya tsira?

Yanzu ga inda muke son kowa ya buɗe kunne. Kama da wane ba ta wane. Farin da madarar kwakwa take da shi bai mayar da ita nono ba. Mai ne ya fi yawa a cikinta, abin da ke gina jiki da wanda ke ƙarfafa ƙashi kaɗan ne idan aka gwada ta da nonon shanu. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya kamata ya sha, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take faɗa, kuma ma'aikatan asibitocin unguwanninmu suke nanatawa ranar awo. Uwar da nononta ya yi ƙaranci asibiti za ta nufa, ba wurin mai kwakwa ba. Yaron da aka yaye ma, idan an sa masa ita a kunu, kada ta kori gyaɗa, waken suya, ƙwai ko nono. Ciki zai cika, amma jiki ba zai ginu ba. Masu yaɗa cewa tana maganin ciwon suga, hawan jini da rashin haihuwa kuwa, a tambaye su hujja. Wanda likita ya ce ya rage maiƙo, ita ma ya rage ta.

Sai batun ajiya. Ba ta da haƙuri ko kaɗan. Wadda aka tata da safe a zafin Maris da Afrilu, kafin yamma ta yi tsami. Ga wutar lantarkin da ba a yi mata alkawari. Don haka a tata daidai abin da za a ci a ranar. Masu sayar da kunun aya a roba su ma su ji wannan: idan sanyi ya sake shi, ya fara kumfa, asara ta fi a kwantar da ɗan wani.

Kuma maza, kada a bar wa mata wannan aiki su kaɗai. Fasa kwakwa da ɓanɓarar ta aikin ƙarfi ne. Wanda zai ce a ƙaro masa shinkafa, ya fara ɗaukar wuƙa.

A wannan makon, kowane gida ya sayi ƙwallo ɗaya, ya gwada a abinci ɗaya da abin sha ɗaya, a dubi abin da ya ragu a kuɗin madara da na mai. Allah ya hore mana abin sawa a tukunya. Sai mako mai zuwa.