Mun Iya Saye, Riƙo Ne Ya Gagare Mu

Mahaifina ya riƙe Peugeot 504 guda ɗaya har shekara 22. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar da ta fara aiki a Kakuri a 1975, zamanin da Fijo ce motar gwamnati, ita ce ta shugaban makaranta, ita ce kuma ta haya tsakanin Kano da Maiduguri. Kowace Asabar da safe yakan buɗe bonet, ya zaro sandar auna baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Sai ya duba ruwan lagireto, ya latsa fanbel da babban yatsa, ya zagaya tayoyi. Nawa aikin riƙe tsumma ne da miƙa sifana. A nan na kamu da son mota, kuma a nan na koyi abin da nake ganin mu 'yan boko na yau mun yar: riƙo.

Duk wanda ya san inji ya san cewa ba ya bugawa rana ɗaya. Baƙin mai ne ke tsufa ya daina hana ƙarfe gogar ƙarfe. Ko kuma ɗan tiyo ya riƙa ɗigo, ruwa ya ragu, zafi ya hau, gasket ya ƙone. Abin da kuɗin cefanen yini zai gyara a watan Janairu, a watan Yuni sai an sauke inji. Ranar da motar ta tsaya a hanyar Zariya mai ita zai ce tsautsayi ne. Bakanike dai ya san sunan abin: sakaci.

Ku dubi yadda muke aure. Ana shafe watanni ana lissafin akwatunan lefe, kayan ɗaki, kamu, dina da mai hoto. Ba a ware ko yammaci ɗaya a zauna a tattauna ko amarya za ta ci gaba da aikinta, wa zai ɗauki wane nauyi, ina iyakar dangi a cikin gidan. Hatta hukuma can ta fi ƙwarewa: tun 2012 gwamnatin Kano ke ɗaukar nauyin aurar da zawarawa, aiki ne na alheri, amma ɗaurawa ita ce mafi sauƙi a cikin al'amarin. Na san mutumin da kunnensa ke kama 'yar ƙara a ƙafar motarsa ta baya, ya kwana bai yi barci ba, alhali matarsa ta yi wata uku ba ta ba shi labarin komai ba, bai lura ba. Ranar da ta yi yaji ya ce shi bai ga laifin da ya yi ba. Gaskiya ya faɗa, domin bai taɓa dubawa ba.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Mace ba mota ba ce, kuma barkwancin nan na majalisa, wai an ga sabon yayi za a canza, yana daga cikin cutar da nake magana a kai. Abin da ake riƙewa shi ne auren, kuma mutum biyu ne ke da shi. Amma wanda aka ba shugabancin gida shi ya fi cancanta a tambaya. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa hidimar gida, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Mu kuwa mun ɗauka biyan kuɗin makaranta da sayen buhun shinkafa sun sauke mana komai.

Haka abin yake a wurin aiki. Ku zagaya bayan kowace babbar ma'aikata, za ku tarar da motocin ofis a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, wata saboda kayan gyaran da bai kai kuɗin shan shayin taro ɗaya ba. Ana yanka kirtani a buɗe rijiyar burtsatse, ba a taɓa gayyatar 'yan jarida ranar da aka canza mata famfo ba. Saye na da biki, yana da kwangila, yana da kaso. Gyara ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ba mai son sa. Mutanen da suka riƙe wannan ɗabi'a su ne waɗanda muke rainawa: kanikawan Panteka a Kaduna da na kewayen Ƙofar Ruwa a Kano, masu tayar da matacciyar mota da sauraro da haƙuri. Muna miƙa musu mukulli da 'yan yatsu biyu kada rigarmu ta ɓaci.

'Ya'yanmu suna kallo. Yaron da direba ke kai wa makaranta, mai aiki ke wanke wa kwano, aka kuma canza masa waya da zarar gilashinta ya tsage, darasi ɗaya ya haddace: abin da ya samu matsala, maye gurbinsa ake yi. Yana shekara 18 za a ba shi mukulli bai san inda jak yake ba. Yana shekara 28 za a ba shi 'yar mutane. Da wane hannu zai riƙe ta?

Za a ce talauci ne ke kashe aure, ba sakaci ba. Akwai gaskiya a ciki, domin tsadar rayuwa ta girgiza gidaje da yawa. Sai dai kotunan shari'a ba talakawa kaɗai suke gani ba, kuma duk mun san gidan mai gadi da ya zauna lafiya yayin da na maigidansa ya watse. Za a kuma ce motocin yanzu kwamfuta ce, ba a taɓa su da sifana. Haka ne, amma har yanzu suna kunna fitilar gargaɗi, kuma har yanzu muna tuƙi da ita a kunne na tsawon watanni.

Abin da nake nema kaɗan ne. Asabar mai zuwa, buɗe bonet da kanka, ka kira ɗanka da 'yarka su riƙe tsumma, ka bar su su kwance taya su mayar. Ka gaisa da bakanikenka hannu da hannu. In dare ya yi, ajiye waya ka tambayi uwargida abin da ke damunta, ka jure amsar har ƙarshe. Da mahaifina ya sayar da Fijon nan, wani direban haya ne ya saya, ya ƙara shekaru yana lodi da ita. Mahaifiyata kuwa suna tare har ranar da aka ɗauki gawarsa daga ɗakinta.