Shekarar hidimar ƙasa ita ce ajin ƙarshe, kada ma'aikatu su ɓata ta

Duk lokacin da aka rufe sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kubwa, matasa kan bazu cikin Sakatariyar Tarayya da sauran hukumomin Abuja riƙe da takardun turawa. Wasu a karɓe su, wasu a ce babu gurbi. Cikin waɗanda aka karɓa ma, da yawa kan ƙare shekarar ne a aiken sayo abinci, ko tsaron injin kwafe takardu, ko zaman jiran lokacin tashi. Abin mamaki, jami'an da suka ajiye su haka su ne kan gaba wajen kukan cewa masu digirin yanzu ba su iya komai ba.

Kukan yana da tushe, kuma ba tsare-tsare aka rasa ba. Tun 1973, shekarar da aka kafa NYSC, hukumar ITF ta ɓullo da shirin SIWES na tura ɗalibai wuraren aiki. A 2012 NYSC ta fara shirinta na koyar da sana'o'i. A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, a ƙarshen 2023 kuma aka fara 3MTT da burin horar da mutum miliyan uku kan fasahar zamani. Duk suna da amfaninsu. Sai dai akwai ƙwarewar da ba a samunta a lacca ko a taron bita na kwana uku, sai a kan tebur, ƙarƙashin idon wanda ya riga ya iya.

Ta farko ita ce rubutu. Matashin da zai iya karanta rahoto mai shafi hamsin ya fito da gundarinsa a shafi ɗaya, ya rubuta bayanan taro ta yadda wanda bai halarta ba zai san abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa aiwatarwa, ba zai daɗe yana neman aiki ba, a gwamnati ne ko a kamfani. Sai kuma alƙaluma: sarrafa su a Excel, karanta kasafin kuɗi, da gane bambancin abin da majalisa ta amince da shi da abin da aka saki a zahiri. Duk hadimin da ya taɓa shirya wa ubangidansa bayani kafin zaman kare kasafi ya san kunyar da rashin wannan sani ke jawowa.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa waɗannan daraja ne, bai rage ba. ChatGPT zai tsara wasiƙa cikin daƙiƙoƙi, amma zai iya cusa alƙaluman ƙarya cikin Turanci mai santsi, kuma ba shi zai amsa tuhuma ba idan takardar ta isa gaban babban sakatare. Wanda zai tsira da aikinsa shi ne mai iya duba rubutun ya ce nan akwai kuskure, ya kuma san inda zai je ya tabbatar. Hakazalika, ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin raba ma'aikatu da fayil ɗin takarda, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Adana fayil a kwamfuta da sanin bayanan da bai halatta a tura ta WhatsApp ba sun zama ilimin da ake biyan kuɗi a kansa.

Akwai kuma batun dukiyar jama'a. Tun Maris ɗin 2025 alawus ɗin mai hidimar ƙasa ya koma naira 77,000 a wata, daga 33,000. Kaso mai tsoka na kuɗin kan tafi a motar Mararaba, Nyanya ko Suleja. Idan matashin ya iso ofis babu abin yi, an yi asarar kuɗin gwamnati da shekararsa a lokaci guda. Mafi yawansu kuwa ba za su samu aikin gwamnati ba, don haka abin da suka koya ne kaɗai za su fita da shi.

Masu cewa takardun gwamnati sirri ne, ko kujeru sun yi kaɗan, suna da hujja, amma ba ta kai ta hana komai ba. Ba kowane fayil ne na sirri ba, kuma ofishin da ke da wanda zai aika kasuwa yana da wanda zai koya wa rubuta takarda.

Jaridar nan na ganin gyaran bai buƙatar sabuwar hukuma ko sabon kasafi. Takardar umarni ɗaya daga ofishin Shugabar Ma'aikata ta isa: kowane mai hidimar ƙasa ko ɗalibin SIWES a haɗa shi da jami'i guda da aka ambaci sunansa, a ba shi aiki a rubuce. Takardar shaidar da ake sa wa hannu duk wata kafin a biya alawus ta riƙa ɗauke da bayanin aikin da ya yi, ba shaidar zuwa kawai ba. Jami'in da aka ɗora wa horon kuma a saka shi cikin abin da za a auna ƙwazonsa da shi lokacin ƙarin girma.