Wasiƙar Akawu Daga Kaduna: Kunne Ya Girmi Kaka

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in biya wani bashi da ke kaina. Wani malamin makaranta ya rubuto daga Zariya, ya ce ya zo Kaduna cikin hutu, aka nuna masa ni da sassafe a gindin gadar Kawo, na toshe kunnuwa biyu, ina riƙe da wani abu mai gashi kamar gafiya, na yi tsit kamar an dasa ni. Yana tambaya ko lafiya. Lafiya lau, Malam, hankalina bai taɓu ba. Amon gari na ke ɗauka da na'ura, ga kuwa dalili.

Mahaifina ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, can ƙetaren kogi. Masu karatu sun san cewa masaƙar farko, watau Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957, aka rufe ta a 2002, sauran kuma suka bi ta da ɗai-ɗai. Tsohon ya kan ba mu labarin ɗakin saƙa, ya ce in ka shiga ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai, sai dai ku yi zance da hannu da leɓe. Ran nan ƙaramar 'yata ta ce masa, "Kaka, yaya ƙarar ta ke?" Ya buɗe baki zai kwaikwaya, ya gwada sau biyu, abin bai yi kama ba, ya yi dariya, sa'an nan ya yi shiru. Muna da hotonsa cikin kayan aiki, muna da katinsa na ma'aikata, amma ƙarar da ta cika masa kunne shekara da shekaru, har ta rage masa ji, ba mu da ko ƙyas nata. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Gaskiya ne, sai dai labari kunne ya ke gada. Amon kansa, in ba a kama shi ba, da ya wuce ya wuce ke nan.

Ni akawu ne, aikina adana takarda, na kuwa san darajarta. Wanda ya je Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna, ko Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna, zai sami wasiƙun Razdan-Razdan da rahotannin En'e. Zai karanta cewa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta nan ta isa Kano a 1911, kuma an taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. To, amma wace takarda ce za ta jiyar da shi kukan jirgi mai kwal yana hawa gada da asuba? Wace ce za ta jiyar da shi kakaki da kofaton dawaki a hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956, yadda talakan da ya tsaya a bayan taro ya ji su?

Wannan tunani ba ni na fara shi ba. Tun da Thomas Edison ya ƙago akwatin kama magana a Amurka a 1877 mutane ke ta fama da shi. Wani Bature mai suna Northcote Thomas ya zaga kudancin ƙasar nan tun daga 1909 yana ɗaukar magana da waƙa a kan gwangwanayen kakin zuma, suna nan a ajiye a Ingila. David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau, aka buga shi a faifai. Amma waɗannan makaɗa da mawaƙa suka nema. Wanda ya fi burge ni shi ne Tony Schwartz na birnin New York, wanda ya riƙa yawo da rikoda cikin unguwarsu kaɗai, yana ɗaukar 'yan talla da wasan yara da surutun direbobi, har ya fitar da faifai a 1954. Daga baya wani malamin kiɗa a Kanada, Murray Schafer, ya tara almajiransa suka ɗauki amon birnin Vancouver, suka fitar a 1973. Mutanen Japan kuwa abin nasu ya kai ga hukuma, domin a 1996 gwamnatinsu ta zaɓi amo ɗari na ƙasar, da ƙararrawa da kukan tsuntsu da rugugin ruwa, ta ce a kiyaye su kamar dukiya.

Na'urar tawa ba ta fi sabulun wanki girma ba. Tana da makirfo biyu a ka, ɗaya na kallon dama ɗaya hagu, domin in ka saurara daga baya ka ji mota ta taho ta nan ta wuce ta can, kamar kana tsaye a wurin. Batir biyu irin na tocila ƙarama ta ke ci, abin da ta ɗauka kuma yana sauka a kan wani ɗan kati da bai fi farce ba. In an so amo mai kyau ƙwarai, awa guda ta kan ci wajen gigabait ɗaya. Gashin nan da Malam ya gani hula ce ta tare iska. In babu ita, musamman da hunturu, iska na bugun makirfo sai ka ji kamar ana kaɗa bargo, duk aikin ya ɓaci. Wanda ba shi da irin wannan na'ura kada ya karaya, wayar hannu ma tana yi gwargwado, in ya sa mata safa mai kauri a baki, ya kuma daina motsa yatsu.

Abin da ya fi na'urar muhimmanci shi ne littafi. Kowane ɗauka sai na rubuta ranarsa da sa'arsa da wurinsa, da inda na fuskanta, da yanayin gari. Amon da ba shi da kwanan wata kamar wasiƙa ce ba sa hannu, ba mai karɓarta shaida.

Jama'a, ban san ban san Kaduna ba sai da na toshe kunne da wannan abu. Na'ura ba ta da zaɓi irin na ɗan Adam. Mu in muna tafe, kunnenmu ya kan zubar da abin da bai dame mu ba, ita kuwa duka ta ke kwashewa. A Kawo da ƙarfe shida na safe na ji kwandastoci suna kiran "Kasuwa! Kasuwa!" kowa da irin karin muryarsa, har na gane akwai mai jan wasalin ƙarshe, akwai mai datse shi. A ƙarƙashin wannan ga mai shayi yana kaɗa ƙwai da cokali cikin kofi, ga kurar ɗan ga-ruwa tana kuka don rashin mai, jarkoki suna gwaruwa. A Unguwar Shanu na ɗauki masu sana'ar da ba su talla da baki: mai yankan farce yana kaɗa almakashi, mai gyaran takalmi yana bugun akwatinsa, tela mai yawo da keke a kafaɗa shi ma da nasa kaɗin. Matan da ke cikin gida suna rarrabe su sarai ba tare da sun leƙo ba. Wannan ai harshe ne, ba a kuwa taɓa rubuta ƙamus nasa ba.

Panteka ta Tudun Wada ita ce ta fi ba ni wahala, ita ce kuma na fi so. Guduma ɗari na sauka a kan ƙarfe, da fari sai ka ce hauka ne, amma in ka daure minti goma za ka ji kowane maƙeri da nasa bugu, mai tukunya dabam, mai murhu dabam, mai akwati dabam. Sai da na rage ƙarfin na'urar ƙwarai kafin ta iya ɗauka ba ta shaƙe ba. A nan ne na tuna da kunnen mahaifina. Masana sun ce wanda ke yin awa 8 kullum cikin ƙarar da ta kai 85 a ma'aunin da a ke kira desibel, jinsa yana cikin haɗari. Yaran da ke koyon sana'a a irin wuraren nan, ina ma iyayen gidansu za su saya musu abin toshe kunne, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba.

Akwai kuma abin da ya kuɓuce mini. Na daɗe ina cewa zan je Kasuwar Barci in ɗauki cinikin 'yan gwanjo da rugugin kekunan teloli, kullum sai in ce gobe. A 2020 aka rushe ta domin a sake gini. Ba ina kushe gyara ba ne, gari ba ya zama wuri ɗaya. Amma murya a ƙarƙashin rumfar kwano dabam ta ke da murya a cikin shagon siminti, kuma wancan amo na tsohuwar kasuwa ba mai sake jinsa.

Yanzu sai in zo kan laifina, domin kada wani ya bi sawuna ya faɗa ramin da na faɗa. Wata rana na tsaya a wata tashar mota na kunna na'ura ban yi wa kowa magana ba. Kafin in ankara samari sun kewaye ni, wani na cewa ɗan leƙen asiri ne, wani na cewa mai haraji ne ya aiko ni, har an fizge abin daga hannuna. A garin da ya ga tashin hankali irin na Kaduna, ban ga laifinsu ba. Allah ya kawo wani dattijo, ya tsawata musu, ya ce in yi bayani. Na sa masa abin ji a kunne. Da ya ji muryar mai rake da ke can bakin ƙofa kamar a gabansa, sai ya yi murmushi, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, aikinka ba shi da aibi, amma ko gidan ubanka za ka shiga ai ka yi sallama." Na ce, "Na yi kuskure, Baba." Tun ran nan ba na kunna na'ura a tasha ko kasuwa sai na gai da shugabannin wurin, ba na kuwa kusantar bariki ko shingen 'yan sanda da ita ko kaɗan.

Sallama kaɗai ba ta isa ba, akwai amana. Na taɓa komowa gida na tarar na'urar ta kwaso zancen wasu mata biyu a kan bashin da ya hana ɗayarsu barci. Ba su san ina ji ba. Na goge shi nan take, ko da ya ke kukan kanari mai daɗi ya tafi tare da shi. Haka kuma da na so ɗaukar karatun dare a wata makarantar allo, sai da na je na durƙusa gaban malamin. Ya ce, "Malam akawu, ina za ka kai shi?" Na gaya masa. Ya yarda bisa sharaɗi biyu: kada a sa shi a wurin wasa ko a haɗa shi da kiɗa, kuma in kawo masa nasa. Na cika duka biyun. Ina roƙon malamai masu karatun wannan shafi su rubuto su ƙara mana haske a kan ladubban wannan al'amari, domin sun fi ni sani.

Ɗauka guda ce na fi riƙewa da daraja. A makarantar mishan da na yi, ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ce da aka rataye a bishiyar mangwaro, saboda haka kunnena ya saba da wannan amo tun ina yaro. Kowa ya san cewa tun bayan rikicin shekarar 2000 mutanen garin nan suka rarrabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu, har yaro ya kan girma bai san yadda safiyar maƙwabcinsa ta ke ba. To, wata Lahadi na kwana a tsakiyar gari, na ajiye na'ura a taga tun kafin asalatu, na bar ta tana ci. A kati guda, ba yanka ba ƙari, ga kiran salla daga masallatai na kusa da na nesa suna karɓar juna, ga zakara, ga tsintsiyar masu shara, can da hantsi ya fara ga waƙar masu sujada daga majami'a. Na jiyar da abokan aikina biyu, ɗaya daga Rigasa ɗaya daga Sabon Tasha. Kowannensu ya ce bai taɓa zama ya saurari na ɗayan har ƙarshe ba sai ran nan.

Abin da ke damuna shi ne, duk wannan yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, da kwafi guda a kwamfutar ƙanena. Kati yana lalacewa, gobara ba ta sallama, ni kuma ba dawwama zan yi ba. Saboda haka ina kira ga Gidan Arewa, da gidan rediyon tarayya na Kaduna, wanda tun 1962 ya ke ma'amala da murya, su duba ko za su buɗe wata taska inda talaka zai kai irin wannan ɗauka a karɓa, a rubuta, a ba shi rasit, ɗalibai kuma su zo su saurara. Malaman makaranta, ku ma kuna da hanya mai sauƙi: ku sa kowane yaro ya zauna ƙofar gidansu minti biyar da ido a rufe, ya rubuto abin da ya ji. Akawuna 'yan'uwana na Katsina da Sakkwato da Kano, wanda ya ɗauki wani abu a garinsu ya rubuto ta hannun Edita mu yi musaya.

Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan je Rigasa in nemi izinin ɗaukar isowar jirgin Abuja, wanda ya fara zirga-zirga a 2016. Malamin Zariya, in hutunka bai ƙare ba, ka zo mu tafi tare, ina da abin ji na kunne guda biyu.

Haza wassalam.

Naku,
Akawu, Kaduna.