Sharhi: Ƙwaya kaɗai ba ta warkar da wanda rikici ya kora daga gida

Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. An tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. A Difa kuwa abin ya girmi haka, tun hare-haren Boko Haram na watan Fabrairun 2015. An kai hatsi, an kai tantuna, amma akwai ciwon da ido ba ya gani: rashin barci, firgita, uwar da ta daina magana, saurayin da ya koma wa tramol.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da matsalar ƙwaƙwalwa. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a Nijar, kuma a manyan birane suke. A ƙauye, malamin asibiti ne ke karɓar mai ciwon, kuma da abin da aka koya masa a makaranta zai yi aiki.

Koya masa gane cuta da rubuta magani wajibi ne, amma bai isa ba. Ignacio Martín-Baró, masanin halayyar ɗan Adam cikin jama'a da sojoji suka kashe a ƙasar El Salvador a Nuwamban 1989, ya nuna cewa yaƙi na raunata abin da ke tsakanin mutane, wato amana da maƙwabtaka. Hakan ake gani a nan ma. Matar da aka sako bayan biyan kuɗin fansa, tunanin daji na damunta, tsegumin bakin rijiya ma na damunta. Bahaushe da Bafulatani da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, yau kallon zargi suke wa juna. Ma'aikacin da bai san yadda jita-jita da ƙyama ke yaɗuwa ba zai ba da ƙwaya, ya mayar da mutum cikin abin da ke ƙara masa ciwo.

Ruwanda ta gwada wata hanya. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, Ervin Staub da Laurie Pearlman sun horar da ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasar kan yadda ƙiyayya ke tsirowa a cikin jama'a da yadda rauninta ke warkewa. A kan wannan ilimi aka gina wasan rediyo na Musekeweya a 2004.

Ya kamata makarantun ENSP na Yamai da Damagaram su haɗa kai da malaman ilimin halayya na Jami'ar Abdu Mumuni, a sa wannan darasi cikin karatun malaman asibiti da ungozoma. A yi gwajin aikin da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Barbarci, domin ba da Faransanci mai ciwon zai faɗi abin da ke ransa ba. Kuma kafin a ba ɗalibi takardar kammalawa, ya je ya yi ƴan makonni a garin ƴan gudun hijira, ya zauna da liman, mai gari da shugabar mata.