Ƙoƙon Kan Punisher da Kasuwannin Gobir

Akwai wani farin ƙoƙon kai mai dogayen haƙora da za ka gani a ƙirjin rigunan gwanjo da jikin babura. Tambarin Punisher ne, wato Frank Castle, tauraron labaran zane na kamfanin Marvel: tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙin Biyetnam, ’yan daba suka kashe masa mata da ’ya’ya biyu a wani lambun shaƙatawa na New York, hukuma ta kasa yi masa komai, sai ya ɗauki bindiga ya zama ɗan sanda da alƙali da hauni shi kaɗai. Wannan kowa ya sani. Abin da masu ƙaunarsa ba su cika sani ba shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ya shafe mu a Sabon Birni da Isa fiye da yadda ya shafi mutanen New York.

Punisher bai shigo duniya a matsayin gwarzo ba. Ya fara bayyana ne a mujallar The Amazing Spider-Man ta 129, mai ɗauke da kwanan watan Fabrairun 1974, kuma abokin gaba ne a cikinta. Wani mugu mai suna Jackal ya ruɗe shi cewa Spider-Man mai kisan kai ne, shi kuwa ya saɓa bindiga ya bi sawun wanda bai ji ba bai gani ba. Fitarsa ta farko ke nan: ƙaryar wani ya hau, marar laifi ya auna. Marubucin da ya ƙirƙiro shi, Gerry Conway, yana ɗan shekara 21 a lokacin, kuma sunan da ya fara raɗa masa ma’anarsa mai kisan gilla ce. Stan Lee ne ya ba da shawarar sunan da aka san shi da shi yanzu. Da sojojin Amurka a Iraƙi da wasu ’yan sandan ƙasar suka fara manna ƙoƙon kan a kayansu, Conway ya fito ya ce sun yi wa halittarsa baibai, domin shi alamar rushewar shari’a ya zana. A 2019 Marvel da kanta ta buga fitowar da Castle ya ɓamɓare tambarinsa daga motar ’yan sanda ya yayyaga, ya ce su nemi abin koyi a wani wurin.

To, mu dawo gida. A farkon Oktoban 2021 ’yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa, suka kashe Fulani fiye da 10, har da limami. Ba a daji aka same su ba, ba kuma bindiga a hannunsu. Kasuwa suka zo ci. Kafin a share jinin, ’yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Unguwar Lalle a Sabon Birni suka kashe kimanin mutum 20. Ran 17 ga watan suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin Sakkwato ta ce mutum 43 suka mutu. A Disamba aka tare motar matafiya daga Sabon Birni a wajen Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutanen a ciki. ’Yan sanda suka ce 23. Ka duba jerin nan da kyau ka gaya mini: a cikin waɗanda aka binne, nawa ne suka taɓa satar saniya ko suka taɓa ɗaukar bindiga? Masu sayar da albasa ne da masu sayen gishiri, da mata masu goyo da suka bar gida don gudun abin da ya same su a hanya.

Kowane ɓangare yana da nasa lambun na New York. Ɗan sa-kai zai nuna maka kabarin ubansa da rumbun da aka ƙone. Bello Turji ma, a hirarrakinsa da ’yan jarida da wasiƙar da ya aika wa hukumomi a ƙarshen 2021, labarin da yake bayarwa ke nan: an kwashe wa danginsa shanu, an kashe ’yan’uwansa, ba wanda ya bi musu kadi. Ban ce duk ƙarya yake yi ba. Cewa nake yi zaluncin da aka yi wa mutum yana bayyana yadda ya lalace, amma ba ya wanke ko ɗigo ɗaya na jinin da ya zubar daga baya.

Ga bambancin da masu tafi ba sa gani. Castle yana da marubuci. Duk daren da ya fita, akwai wani zaune a ofis da ya riga ya shirya cewa wanda harsashi zai samu mugu ne, ya kuma nuna wa mai karatu shaidar muguntarsa a shafin baya. Shi ya sa karatun ke da daɗi. A kasuwar Mamande ba marubuci. Abin da ke akwai shi ne jita-jita, da tsohuwar gabar gona da burtali, da mai bin bashi da ya ga damar kawar da wanda ke binsa, da kamannin fuska da harshe. Jackal ɗaya ya isa ya ɓatar da Castle. A ƙauyukanmu kowace unguwa da nata.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin Gatawa da ya ga an sace Sarkin Gobir, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba a ƙarshen Yulin 2024, ya ga hotonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi, ya kuma ji labarin kashe shi a watan Agusta bayan makonni a hannun ’yan bindiga, wa zai tsaya gabansa ya yi masa wa’azin haƙuri? Idan basarake bai tsira ba, ina talaka? Ba ni da bakin zargin wanda ya kwana a bakin gari da bindigar toka don kada a shigo masa gida. Kare kai halal ne a shari’a da dokar ƙasa. Amma tsaron ƙofar gari daban, farautar mutane a kasuwar wani gari daban, kuma fiƙihun da muka karanta a zaure bai taɓa barin ƙisasi a hannun mai fushi ba: mai jini yana da haƙƙin nema, alƙali ke tabbatarwa, hukuma ke zartarwa, a kan wanda ya yi kisan shi kaɗai, ba ɗan ƙabilarsa ba.

Faɗana da mu ne, masu digiri da ke zaune a Abuja da Kano da cikin birnin Sakkwato. Mu ne ke yaɗa bidiyon gawarwaki a WhatsApp muna cewa maganinsu ke nan. Wasunmu kuma, ta ɗaya gefen, sun mayar da Turji ɗan gwagwarmaya, suna sauraron waƙar yabonsa suna murmushi. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, haka ne, sai dai ba a unguwanninmu ake sauke ta ba. Mu yi tafi da dare, da safe a tare hanyar Isa.

Gwamnatin Aminu Tambuwal ta haramta ’yan sa-kai a ƙarshen 2021. Katsina ta kafa rundunar tsaron al’umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024, Sakkwato ma ta bi sahu. Kaki da albashi ci gaba ne a kan gayya, amma tambayoyin da ya kamata lauyoyinmu da ’yan jaridarmu su riƙa yi ba na yawan babura ba ne. Wa ke rubuta sunan wanda suka kama? Awa nawa yake yi a hannunsu kafin ya ga ɗan sanda, kwana nawa kafin ya ga alƙali? In askari ya kashe marar laifi, ina iyalansa za su kai ƙara? Sannan a tambayi Ma’aikatar Shari’a ta Jihar Sakkwato, a rubuce, inda fayil huɗu suka kwana: na Mamande, na Goronyo, na Gidan Bawa, da na Kwanar Maharba.