Yaron da karatu ya gagara a lakwal: ina matsalar take?

A ƙauyukan Madawa da Buza da Keita, idan yaro ya maimaita aji sau biyu bai iya haɗa baƙi ba, hukunci guda ake yanke masa: daƙiƙi ne. Namiji ya bi ƴan ci-rani zuwa Nijeriya ko Abijan, mace kuma a fara yi mata zancen aure.

Amma gazawa iri-iri ce. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa kimanin tara cikin goma na ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Mafi yawansu lafiyarsu lau. Faransanci ne ya tare musu hanya, ga cunkoson aji da rashin littafi. A cikin wannan taro ne yaron da yake da lalurar koyo ta ainihi yake ɓacewa, ba mai lura da shi.

Lalurar da likitoci suke kira disileksiya ba taɓin hankali ba ce, ba aikin iskoki ba ce. Yaro ne mai wayo, wanda zai lissafa kuɗin albasa da ka, amma ƙwaƙwalwarsa tana wahalar danganta harafi da sautinsa. Bulala ba ta gyara wannan, sai dai ta ƙara masa tsoron allo.

Abu na farko shi ne a kai shi asibiti a duba ido da kunne, don sanƙarau da ciwon kunne kan bar kurumta ba a sani ba. Daga nan a gwada shi da harshen gida, Hausa ko Tamajak. Wanda ya kama karatu da harshensa cikin ƴan watanni, harshe ne matsalarsa. Wanda ya ci gaba da tuntuɓe, shi ke bukatar zama a bencin gaba, da ƙarin lokaci, da tambaya ta baki.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, amma ƙwararru a Yamai suka fi yawa. Abin da ke kusa da talaka shi ne kwamitin kula da makaranta, wanda shirin "Makaranta don Kowa" ya fara ƙarfafawa a jahar Tawa a 2004 da taimakon Japan. Uban da ya yi yaƙi da jahilci yana iya tashi a taron kwamitin ya nemi malam ya faɗi yaran da suka tsaya cik, da darasin ƙari da za a shirya musu da marece.