Miksa da Rakoda: Wanne Za a Fara Saye?

A cikin 'yan watannin nan wasiƙu sun yi ta zuwa mana a kan magana guda. Iyali suna so su ɗauki waƙoƙin da suke yi da maraice, ko muryar kaka tana ba da labarin zamanin dā, ko kuwa waƙoƙin zumuntar mata da tulu da kacau-kacau, kuma suna so su ɗauka a kaset, ba a waya ba. Tambayarsu ita ce, wace miksa za su saya, watau ƙaramar na'urar nan mai haɗa muryoyi, da wace rakoda kuma.

Amsarmu a gajarce ke nan: ku fara da rakoda. Miksa ba ta da wuyar zaɓe, gama har yanzu ana ƙera sababbi masu kyau. Rakoda ce za ta ci kuɗinku, ita ce kuwa za ta iya sa ku baƙin ciki.

Dalili shi ne tsufa. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a shekarar 1963, injiniyan da ya shugabanci aikin, Lou Ottens, ya rasu a 2021. Rakodojin da suka fi kyau an ƙera su ne tun daga wajen 1975 zuwa 1995, saboda haka wadda za ku samu a gwanjo ta kai shekara talatin ko arba'in. A cikinta akwai bel na roba mai juya inji, da wata 'yar taya ta roba mai danne zaren kaset. Roba kuwa ba ta jimre wa zafinmu. Bel yakan saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, tayar kuma takan taurare. Sababbin da ake sayarwa yau, yawancinsu injinsu bai kai na dā ba.

Kada ku sayi rakodar da ba ku gwada ba, ko da mai ita ya rantse. Ku tafi da kaset wanda ba a ɗauki kome a kansa ba. Ku ɗauki sauti guda mai tsawo wanda ba ya canzawa, misali a danne maɓalli ɗaya na kibod na daƙiƙa ashirin, sa'an nan ku mayar baya ku saurara. In kun ji sautin yana rawa kamar muryar mai zazzaɓi, injin ba ya tafiya daidai. A waƙa mai ganga ba za a lura da wannan sosai ba, amma a waƙar da ake jan murya a hankali, abin ba ya jiyuwa. Ku buɗe ƙofar kaset, ku shafa farce a kan hed ɗin, watau ƙarfen nan mai sheƙi da zaren yake gogawa. In farce ya faɗa cikin rami, hed ya cinye, samun wani kuwa sai an sha wuya. Bel dai mai gyaran rediyo zai iya canzawa da kuɗi kaɗan.

Abu biyu tilas ne rakodar ta kasance da su: maɓallin da za ku daidaita ƙarfin ɗauka da hannunku, da allura ko fitilu masu nuna ƙarfin. Rediyo mai kaset irin na ɗaki yakan daidaita ƙarfi da kansa, shi ya sa da an yi shiru sai shuuu ta taso, da an buga ganga kuma sai muryoyi su nutse. Mun fi son rakoda mai ƙofa ɗaya wadda ba ta juya kaset da kanta, domin kayan da za su lalace a cikinta ba su da yawa. Sony, Technics, Teac, Denon da Yamaha duk sun yi masu kyau. Nakamichi ta yi suna ƙwarai, amma kuɗinta da na gyaranta sun fi ƙarfin yawancin gidaje.

Ku duba bayanta kafin ku sa a wuta! Wutar Nijeriya volt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Rakodar da aka kawo daga can, in ba ta da wurin canza wuta, tana bukatar taransifoma, in ba haka ba za ta ƙone a ranar farko.

Akwai wata hanya dabam wadda samari suke yawan tambaya a kanta. A 1979 kamfanin Teac, mai sunan Tascam, ya fito da Portastudio 144, wadda ta haɗa miksa da rakoda cikin akwati guda, tana kuma ɗaukar layi huɗu a kan kaset. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar jita tukuna, ya koma ya ɗora muryarsa, ya sāke komawa ya ɗora murya ta biyu. Mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya ɗauki faifansa Nebraska da irinta a gidansa, faifan ya fito a 1982. Fostex ma ta yi tata ƙarama, X-15, a 1983. Abin sha'awa ne, amma ku san abin da ke ciki. Ita 144 tana cinye faɗin zaren duka a tafiya ɗaya, don haka ba a juya kaset, tana kuma gudu ninki biyu, santimita 9.5 a daƙiƙa maimakon 4.76. Kaset C60 zai ba ku minti 15 kaɗai. Ba kuwa za a iya sa shi a rediyon gida a ji daidai ba, sai an sāke juye shi a wata rakoda. Ga shi kuma an daina ƙera su, farashinsu a gwanjo ya hau. Ga iyalin da suke waƙa tare a lokaci guda, ba mu ga amfaninta ba. Rakoda mai faifai biyu a fili kuwa, irin Revox A77, sautinta ya fi na kaset nesa, amma tana da nauyi, zarenta kuma da tsada.

To, mu zo ga miksa. Lambar da ke jikin kwali takan ruɗi mutane. Behringer Xenyx 802 an ce tana da mashiga takwas, amma makirufo biyu kawai take ɗauka. Yamaha MG10 an ce goma, na makirufo huɗu ne. Ku ƙirga ramuka masu zagaye masu ido uku, su ne na makirufo. Huɗu sun ishi gida: ɗaya ga mai ba da waƙa, biyu ga masu amshi, ɗaya ga jita ko ganga. Sau da yawa ma biyu sun fi huɗu, in an ajiye su a wuri mai kyau, aka matsar da mai ganga can baya. Miksa mai layi goma sha shida ta ɗakin sujada ce, ba ta falo ba.

Ku tabbata tana da wurin sa abin ji na kunne, da hanyar fita zuwa rakoda. Rakodar gida tana karɓar waya mai kai ja da fari. Waɗansu miksoci ba su da irin wannan rami, sai a nemi wayar da ta dace, a kuma rage ƙarfi, gama abin da suke fitarwa ya fi ƙarfin rakodar gida. Maɓallin da aka rubuta 48V na makirufo ne mai bukatar wuta. Irin Shure SM58, wanda aka san shi tun 1966, ba ya bukata, amma jabunsa sun cika kasuwa, in kun ga araha ta yi yawa ku yi shakka. In kuɗi ya isa, ku ɗauki miksa mai ramin USB, kamar MG10XU. Da ita za ku juye kowane kaset a kwamfuta. Muryar tsohuwa da ba za a sāke samu ba, bai kamata a bar ta a kan zare guda ba, wanda injin zai iya taunewa ranar da ba a zata ba.

Kaset kuwa, ku nemi C60 ko C90. Zaren C120 siriri ne, yana yawan nannaɗewa cikin inji. Har yanzu ana yin sababbi a Amurka da Faransa. Lokacin hunturu ku rufe kayan da ƙyalle, ku riƙa share hed da tsinken auduga da aka tsoma a sifirit bayan aikin awa goma ko ashirin, a bar shi ya bushe kafin a sa kaset. Ranar ɗauka a kashe fanka, a kai janareto bayan gida, a kuma ɗaga ƙarfi har allura ta riƙa taɓa ja sa'ad da aka kai wuri mafi ƙarfi na waƙar, amma kada ta zauna a can.